Shekarata ta intanshif a sashen gashin ƙashi a Gusau, daga rantsuwa zuwa takardar kammalawa

A watan jiya kaɗai ƙannenmu uku da ke ajin ƙarshe suka kira ni, kowa da tambaya iri ɗaya: bayan an rantsar da mutum, ina zai nufa? Ni lokacin da na fito ba wanda ya zaunar da ni ya warware mini, sai da na sha faɗi-tashi kafin na gane kan abin. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tawa ta kasance. Ni mutumin Ƙaura Namoda ne, na yi karatun fisiyo, abin da mutanenmu ke kira gashi ko gashin ƙashi, shekara 5 a Kano, sannan na yi shekarar koyon aiki a gaban manya, wato intanshif, a wani babban asibiti a Gusau.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne takardar digiri ba ta ba ka izinin taɓa majiyyaci. Izinin yana hannun MRTB, hukumar da ke yi wa masu aikinmu rajista, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, kuma ba mu kaɗai take kula da su ba, har da masu gyaran magana, masu auna ji, masu haɗa ƙafa da hannun roba, da masu aikin ostiyofati, wato masu jinya ta hanyar danna gaɓoɓi da tsoka da hannu. Bayan sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, wakilan hukumar suka zo makaranta aka rantsar da mu, aka ba mu lasisin wucin gadi. Kafin ranar sai ka biya kuɗin rajista ta Remita: ka fitar da lambar biya, ka je banki, ka karɓi rasit. Adadin yana sauyawa, don haka ka nemi na shekararka daga sanarwar hukumar kanta, kada ka dogara da abin da na gaba da kai ya biya. Rasit ɗin kuwa ka riƙe shi gam, ni sai da aka nemi nawa bayan wata goma sha tara. Inda na fara tuntuɓe shi ne suna. A takardar WAEC sunana da na mahaifina ne kawai, a katin NIN kuma an ƙara Ƙaura a ƙarshe, kamar yadda da yawa daga cikinmu muke yi. Wannan kalma ɗaya ta sa na koma kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk ni ne, na ɓata mako biyu ina kai-kawo yayin da abokaina suka riga suka fara aika takardun nema. Wanda yake aji huɗu yanzu, ya baje takardunsa a tabarma yau ɗin nan ya duba sunan harafi-harafi.

Daga nan sai jira, kuma shi ne ya fi komai cin rai. Ba kowane asibiti aka amince ya horar da 'yan intanshif ba, waɗanda aka amince da su kuma gurbinsu kaɗan ne. Na kai takarda Sakkwato, Birnin Kebbi, Katsina, Kano da Gusau. Kowane wuri abu ɗaya ake so: wasiƙar nema zuwa ga shugaban asibiti, takardar sakamako, lasisin wucin gadi, shaidar rantsuwa, takardar haihuwa ko ta bayyana shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardun firamare da sakandare, da ƙananan hotuna. Na yi kwafi goma na kowanne na zuba a jaka guda, kuma duk sun ƙare. Duk inda ka miƙa, ka tafi da kwafin wasiƙar biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da ita. A wuri ɗaya da na koma bin sawu aka ce ba a ga tawa ba, wannan hatimin ne ya sa aka tashi aka nemo ta. Wata bakwai na yi a gida. Kullum na fito masallaci sai wani ya ce, “Likita, yaushe za a fara?” Ina murmushi, amma cikina ba daɗi, ga kwanan lasisi yana tafiya, ga kuɗin mota ya cinye ɗan abin da na tara. A cikin wannan zaman wani abokina ya gaji ya shiga wani asibitin kuɗi yana aiki, da zaton za a lissafa masa. Wata biyar ya yi, ba a lissafa ko kwana ɗaya ba, domin wurin ba ya cikin waɗanda aka amince da su. Kafin ka sa ƙafa ko'ina, ka tabbatar daga hukumar cewa wurin yana da amincewa.

Kiran Gusau ban same shi ta waya ba. Wani ɗan unguwarmu da ya kai mahaifiyarsa asibitin ne ya ga sunana manne a allon sanarwa, saura kwana biyu a yi jarrabawa. Da safe aka yi ta rubutu, bayan azahar aka shiga ganawa ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu a bayan tebur. Ba su yi mini tambayar ƙure ba. Sun ce in faɗi matakan auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, in lissafa waɗanda ba a haska musu fitilar gashi, wato fitila mai zafi da ake ɗumama jiki da ita, in kuma nuna yadda zan tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga kwance zuwa zaune, ɗaya daga cikinsu ya kwanta a benci ya zama majiyyacin. Hannuna na rawa, amma na yi. Bayan mako biyar sunaye suka fito.

Takardar ɗauka ba ita ce fara aiki ba. Sai ka rubuta wasiƙar amincewa, ka yi gwajin lafiya na jini da fitsari da hoton ƙirji da kuɗinka, a buɗe maka fayil a ofishin ma'aikata, ka kai bayanan asusunka ofishin kuɗi, sannan shugaban sashe ya sa hannu a takardar kama aiki. Kwanan watan da ke jikin wannan takardar ta ƙarshe shi ne ake ƙirga wata 12 daga kansa, ba na takardar ɗauka ba. Ni ban sani ba, na yi kwana tara ina zuwa aiki kafin na kai ta a sa hannu, kwana taran nan kuwa sai da na biya su a ƙarshe. Ɗakunan asibiti sun cika, na kama ɗaki a Tudun Wada ni da wani ɗan intanshif na sashen magani, muka biya na shekara gaba ɗaya. Na sayi farar riga biyu, ma'aunin lanƙwasar gaɓa, tef ɗin awo da 'yar gudumar gwada jijiya, na fara allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake yi sau 3 cikin wata 6. Albashin farko sai a ƙarshen wata na uku ya shigo, a dunƙule. Da ba don yayana ya riƙe ni ba, da ban san yadda zan yi ba. Duk mai zuwa ya tanadi abin da zai ci na wata uku.

Ranar farko shugaban sashe ya miƙo mini littafin aiki da jadawalin zagaye: ƙashi, jijiya da ƙwaƙwalwa, yara, mata, sai ƙirji da ɗakin kulawa ta musamman. Ya haɗa ni da wanda zai kula da ni a ɓangaren ƙashi, mutum mai shekaru da yawa a aikin, kowa Oga yake ce masa. Ƙa'idarsa uku ce, ya faɗe ta a tsaye: mako biyun farko ka kalla, bayan nan ka yi ina kallo, sai na gamsu sannan ka yi ka zo ka faɗa mini. Sabon majiyyaci kuwa, ko a watan ƙarshe ne, ba ka fara masa komai sai ka gabatar da shi. A raina na ga abin ya yi tsauri. Shekara biyu na yi ina bin marasa lafiya a asibitin koyarwa, ina ganin hannuna ya faɗa.

A mako na shida aka kawo wani manomi daga wajen Tsafe, ba zai wuce shekara arba'in ba, ciwon baya wata huɗu. Katinsa ba a rubuta komai ba sai ciwon baya, a yi gashi. Ya shigo dafe da cinyoyinsa, yana tafiya a sandare kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Na tambaye shi, ya ce noma ne, “Likita, tun da munka yi huɗa bayan ga ya riƙe.” Na duba sama-sama, na ga tsokar gefen ƙashin baya ta ɗaure tamau, na yanke a raina cewa gaɓoɓin ne suka cije. A lokacin na daɗe ina kallon bidiyon masu danna baya har ya yi ƙara a waya, ina ɗokin gwadawa. Oga yana ɗaya ɗakin. Na kwantar da mutumin rubda-ciki, na ɗora tafin hannuna a tsakiyar bayansa, sai na ji labule ya motsa. “Malam, ɗaga hannunka.” Bai ɗaga murya ba. Ya matso ya durƙusa daidai kan mutumin ya ce, “Kawu, ciwon nan yana tashe ka da dare?” Ya ce ƙwarai, dare ya fi. “Zazzaɓi fa, da zufa?” Ya ce kullum da marece. “Wandon nan naka ne?” Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce nasa ne, ramewa ya yi. Sai Oga ya kama ɗan yatsana ya bi da shi kan ƙashin bayan daga wuya yana saukowa a hankali, har muka zo ƙasan haƙarƙari, na ji wani ƙullutu ya turo kamar gwiwar yatsa. Ya ɗan ƙwanƙwasa wurin, mutumin ya zabura. Nan take aka tura shi hoto da wajen likitan ƙashi. Tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, gaɓa biyu sun zaizaye. Da na danna da ƙarfin da na yi niyya, ƙashin na iya rufzawa kan lakar da ke ciki, mutumin da ya shigo da ƙafarsa a fitar da shi a kan gado.

Oga bai yi mini faɗa a gaban kowa ba. Da aka tashi ya kira ni ofis, ya sa na rubuta da hannuna alamomin da in aka gan su a mai ciwon baya ba a taɓa shi sai an bincika: ciwon da ke tsananta da dare, zazzaɓi, rama, tarihin ciwon daji, faɗuwa ko hatsari, raunin ƙafafu, dindiris a tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Duk na san su, na rubuta su a jarrabawa na ci. Abin da ban yi ba shi ne tambaya. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Oga ne kuma ya ba ni labarin masu ostiyofati ɗin da nake kallo a waya, sana'ar da wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, ya assasa a 1874. Ya ce a Ingila ɗalibinsu sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana duba marasa lafiya a gaban malami kafin a yi masa rajista, bidiyon minti ɗaya ba ya nuna wannan. Tun daga ranar ban ƙara jin nauyin gabatar da majiyyaci ba, ko da layi ya kai bakin ƙofa.

Sauran watannin ƙashi na yi su ne tsakanin fitila da karaya. Mutanenmu suna son fitila, wani in ba a haska masa ba gani yake ba a yi masa komai ba, kuma dole ka yi haƙurin bayyana masa cewa motsa jikin da ka koya masa shi ne maganin. Kafin ka kunna ta, ka gwada fatar da kwalba biyu, ta ruwan ɗumi da ta sanyi, domin mai ciwon suga ko wanda jijiyarsa ta mutu zai ƙone bai ji ba. Waɗanda aka harba da bindiga ma muna samunsu, daga ƙauyukan da kowa ya san halin da suke ciki, wasu an yanke ƙafa, mu ne masu koya musu naɗe dungun da tafiya da sanda. Wanda ya fi tsaya mini a rai yaro ne ɗan shekara takwas da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu. An kai shi wajen maɗori, aka ɗaure da karare tamau, hannun ya kumbura a ciki jini ya kasa wucewa. Da aka kwance, yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe, tsokar ta mutu. Na fusata, na fara faɗar magana a kan masu ɗori a gaban mahaifin. Oga ya katse ni. Daga baya ya ce, in ka zagi maɗori, uban nan ba zai dawo ba, don maɗorin ne ya ɗora shi, shi ya ɗora kakansa. Ka koya masa abu ɗaya kawai: in an ɗaure yaro yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, ko yaron ya kasa barci don azaba, a kwance a taho a daren. Har yau ina ganin ɗaurin nan ganganci ne, amma na yarda hanyar Oga ta fi tawa kai saƙo.

A ɓangaren jijiya yawanci masu shanyewar ɓarin jiki ne, kuma kusan duk wanda ka bi tarihinsa hawan jini ne da aka daina shan magani. A nan na koyi auna jini kafin kowane motsi, da hana 'yan jinya jan majiyyaci ta hannun da ya shanye, don kafaɗar tana gocewa. A nan kuma na koyi neman izini. Wata dattijuwa ta ƙi in taɓa ta, ta ce, “Ɗana, ba ni iyawa.” Ban matsa ba. Na kira ɗiyarta, na nuna mata a jikin abokin aikina inda za ta riƙe, tana yi ina gyara mata da baki. Namiji a wannan aikin kada ya taɓa duba mace sai da ma'aikaciya ko 'yar uwarta a ɗakin, ya kuma faɗi abin da zai yi kafin ya yi.

Yara su ne suka fi yawa. Wadda ta kula da ni a nan, Anti muke ce mata, ba ta yarda ka rubuta komai sai ka zauna a tabarma ka yi wasa da yaron tukuna. Akwai waɗanda shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, akwai waɗanda sanƙarau ya bari da kurumta da sandarewa, musamman bayan bazara, akwai jarirai da hannu ya saki wajen haihuwa. Akwai kuma masu jan ƙafa saboda allurar ɗuwawu da aka yi a kemis ta sami babbar jijiya, abin da ke ƙona rai don ana iya kauce masa. In yaro ya fito daga yankin Anka ko Bukkuyum da farfaɗiya ko koma-bayan girma, Anti takan sa a tambayi ko ana niƙa dutsen zinariya a gidan, saboda gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a can a 2010. Matsalarmu babba ita ce dawowa. Ka ce wa uwa ta zo sau biyu a mako, alhali kuɗin mota ya fi ƙarfinta, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Anti ta ce mini, “Ƙanena, minti talatin ɗinka ba shi zai tayar da yaron nan ba, uwar za ka koya wa.” Sai mu koya mata abu uku kacal, yadda za ta goya shi ƙafafu a buɗe, yadda za ta zaunar da shi a cikin kwali ko turmi da tsumma, yadda za ta miƙe masa gaɓoɓi bayan wanka, ta yi a gabanmu har sai hannunta ya saba.

Ɓangaren mata da na ƙirji sun wuce da sauri. Ana aikin ƙarshen mako bi da bi, ana kuma sa kowane ɗan intanshif ya gabatar da darasi a gaban sashe, ni na yi nawa a kan tarin fukan ƙashin baya.

Kuskurena na biyu babba a littafin aiki ne. Na riƙa tara shafuka ina cewa sai ƙarshen zagaye a sa mini hannu gaba ɗaya. Kafin in gama ɓangaren jijiya, wanda ya kula da ni ya tafi ƙaro karatu, ya bar ni da shafi goma sha ɗaya ba sa hannu, kuma ba wanda zai sa hannu a aikin da bai gani ba. Sai da na bi shi har Zariya, ta Tsafe da Funtuwa, da sassafe na fita don kada dare ya same ni a hanya. Ka rubuta kowane majiyyaci a ranar da ka gan shi, lambar kati da abin da ka yi, ka kai a sa hannu kafin Juma'a ta wuce. Ka kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya. Haka nan duk ranar da ka yi fashi, ko ta rashin lafiya ce, ka kai takarda, ka sani kuma ana iya ƙara maka ita a ƙarshe.

Fita ma zagaye ce. Takardar sallama tana bi ta sashe, ɗakin karatu, ofishin kati, sito, ofishin kuɗi da na ma'aikata, kowa ya sa hannu cewa ba ka riƙe kayansa ba. Ta ɗauke ni kwana takwas, don in ka sami wannan ba ka sami wancan ba, kuma safiya kafin ƙarfe goma ta fi. Bayanta ake buga takardar kammalawa. Da ita, da littafin aiki, da takardun tantancewar da masu kula da kai suka cike, da sabon biya ta Remita, ake neman cikakkiyar rajista da lasisin aiki, wanda ake sabuntawa duk shekara. Shi za a nema a wurinka in ka je sansanin bautar ƙasa na NYSC a matsayin ma'aikacin lafiya, don haka kada ka bari sai an fara kiran sunaye.

A kwana na shida na wannan zagayen, ina tsaye a ofishin kati da takardata a hannu, wani ya dafa kafaɗata. Manomin Tsafe ne, ya yi ƙiba har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Yana sanye da ɗamarar baya a ƙarƙashin riga, ya zo karɓar maganin wata, wanda kyauta ake bayarwa, saura kaɗan ya cika shekara yana sha. Ya ce, “Likita, ina babban naku? Gero na kawo mai.” Na raka shi sashe. Oga ya karɓi gaisuwar, ya ce geron a kai wa masu jinya a ɗakin maza, sannan ya ja kujera ya zauna ya miƙo mini katin, ya ce in duba shi daga farko, yana kallo.